Amsar da Barau Ya Bayar a Kasuwar Gaya

Shekara biyu ke nan jin Malam Barau na Kademi yana raguwa, amma ko matarsa Larai bai yarda ya faɗa wa ba. Ya koyi kallon leɓen mutane. In ya ga fara'a ya yi dariya, in magana ta kuɓuce masa ya ce, "To, madalla." Dattijo ne da ake girmamawa, ba ya son a riƙa ɗaga masa murya kamar yaro.

Ranar kasuwar Gaya, yana tsaye wajen masu gero, sai ga Bubayero na Gafasa, amininsa na shekara arba'in. Rawani ya rufe masa baki. Ya riƙe hannun Barau, ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa, ga ƙarar babura ta ko'ina.

"Madalla," in ji Barau, yana murmushi. "Allah ya ƙara."

Bubayero ya saki hannunsa, ya dube shi, ya shige cikin mutane.

Bayan kwana uku Larai ta dawo daga unguwa, ta tsaya dab da shi.

"Malam, me ka ce wa Bubayero? Matarsa Hanne ce ta rasu. Rasuwarta ya gaya maka."

Ranar ko ruwa da kyar ya sha. Washegari ya hau babur zuwa Gafasa, ya tarar da Bubayero a kan tabarma tare da 'yan gaisuwa. Ya yi ta'aziyya, sannan ya ce a gaban kowa, "Ban ji ka ba, Bubayero. Na daɗe ba na ji. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Bubayero ya matso kusa da kunnensa. Ya ce:

"Na ɗauka mutum biyu na rasa a mako ɗaya."

Ya shiga ba shi labarin jinyar. Barau ya kama wasu kalmomin, wasu suka wuce shi. Yadda ta cika, sai da Bubayero ya maimaita sau uku.

A asibitin Gaya aka duba shi, aka ce shekaru ne, jin ba zai dawo kamar da ba.

Da suka koma gida Larai ta ajiye masa tuwo. Bai taɓa ba.

"Larai, cikin shekara biyun nan, me kuma ya wuce ni?"

Ta buɗe baki, ta fasa. Ta tura masa kwanon.

"Ci abincinka tukuna, Malam."