Fitilu Shida na Alkasum

Alkasum yana da fitilu shida, kuma cikin wata goma sha huɗu babu wadda ta yi ja fiye da minti goma. Ɗigo-ɗigo ne a fuskar kwamfuta, a buro, wato ofishin wata ƙungiyar lafiya da ke Birnin Konni, amma yadda yake maganarsu sai ka ɗauka shanu ne ya gada. Kowace fitila tana tsaye ne a madadin aiki guda da ke gudana a cikin babbar na'urar buron, wadda masu sana'ar ke kira sarba. Ɗaya na karɓar saƙon salula daga ƙauyuka, ɗaya na jera shi a jadawali, ɗaya na tura wasiƙa Tawa, babban birnin jihar, sauran kuwa na ajiya ne da makamantansu. Duk minti biyar, wani ɗan shiri da Alkasum ya rubuta da hannunsa yakan zagaya ya tambayi na'urar ko kowane aiki yana tafiya. In ta ce e, fitila ta tsaya kore. In ta ce a'a, ta yi ja, salularsa ta yi ƙara, ko yana tsakiyar cin shinkafa da wake sai ya ajiye cokali ya ruga.

Mutum ne mai tsabtar aiki, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Abin da ke damunsa kawai shi ne ya fi yarda da allon nan a kan bakin mutane. Ana rade-radin cewa ƙarshen shekara za a ɗauke shi zuwa Tawa ya kula da na'urorin jiha baki ɗaya, saboda sunan da ya yi na wanda injinsa ba ya faɗuwa. Yana son wannan suna ƙwarai, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Aikin da ya fi kowanne nauyi shi ne na saƙo. Ƙungiyar tana tallafa wa ƙananan ɗakunan shan magani goma sha tara tsakanin Konni, Malbaza da Illela. In sanƙarau ya ɓulla a wani ƙauye, ma'aikacin wurin yakan tura lamba ta salula, misali mutum uku, na'urar ta karɓa ta jera, shugaban buro Mahamudu ya duba ya tashi mota da magani. Da farko kowa yana turo saƙo duk mako, ko da babu mai ciwo. Alkasum ne ya ce a taro wannan ɓata lokaci ne, wanda ba shi da labari ya yi shiru, tunda wasu sai sun hau tudu kafin su sami rezo, wato sabis ɗin salula. Kowa ya ji daɗin shawarar, har da tafi.

Bazarar shekarar dubu biyu da tara ta zo da zafi mai tsanani. Ɗakin da na'urar take yana arewa, rufin kwano ne, da azahar in ka taɓa ƙarfenta sai ka janye hannu. Alkasum ya ji tausayinta, ya kwashe ta da wayoyinta da ɗan akwatin da ke ɗauke da layin salula, ya mayar da su wani ɗakin ajiya a kudancin buron, mai kaurin bango da sanyi. Ya kunna, fitilu shida suka dawo kore, ya share hannu a riga ya tafi sallah.

Kwana goma sha biyu babu saƙo ko ɗaya. Ana jin labarin ciwon a rediyo, wai ya yi tsanani a wasu jihohi da ƙetaren iyaka, amma jadawalin Alkasum fari tas. A kwana na biyar wata ma'aikaciya ta kira Mahamudu a salularsa, murya na yankewa, ta ce ta aiko da lamba ba ta ga mota ba. Mahamudu ya leƙo ɗakin ajiya ya tambaya.

"Mashin lahiya lau take, Shef," in ji Alkasum, ya juya masa allon. "Duba da kanka. A ce mata ta sake aikowa, ƙila ba ta rubuta lamba daidai ba."

Aka faɗa mata haka, aka ci gaba da aiki.

Ranar kwana na goma sha biyu, wajen ƙarfe goma na safe, ita da kanta ta iso. Sunanta Suwaiba, ita ce ke riƙe da ɗakin shan magani na wani ƙauye bayan Tajaye. Ta yi amalanke zuwa bakin hanya, ta yi motar kasuwa zuwa Badagishiri, ta sake wata zuwa Konni. Ba ta tsaya gaisuwa mai tsawo ba. Ta ajiye salularta a teburin Mahamudu, ta buɗe masa saƙonni goma sha ɗaya, kowanne da alamar an aika.

"Mutum bakwai na rubuta ran Assabar," ta ce. "Maganin da ni ke da shi ya ƙare tun Talata. Mi anka yi muku, Shef, da kunka ƙyale mu?"

Mahamudu ba mugu ba ne, amma mutum ne mai son takarda, kuma ya sha ganin ma'aikatan da ke barin wurin aiki su tafi biki su dawo da labari. Ya ce mata wata goma sha huɗu na'urar nan ba ta taɓa cin saƙon kowa ba, in akwai kuskure to a hannunta yake, kuma barin marasa lafiya ta taho gari ba tare da izini ba laifi ne da sai ya rubuta wa Tawa. Ya juya ya ce wa Alkasum ya buga masa takardar fitilun nan ta mako biyu, zai haɗa da wasiƙar.

Alkasum ya tafi ɗakin ajiya da sauri, ransa a ɓace, domin an taɓa masa abin alfahari. Ya danna, injin bugawa ya fara aiki. Yana jira sai ya ciro salularsa don duba lokaci, ya ga sunan da ke saman fuskarta ba na kamfaninsa ba ne, na wani kamfanin Najeriya ne. Duk mutumin Konni ya san wannan. Iyaka tana nan kusa, in ka shiga wani lungu a kudancin gari rezon gida yakan gudu, na maƙwabta ya shigo, layinka ya zama kurma. Ya sani tun da salula ta zo garin, yana ma yi wa baƙi bayani. Bai taɓa kawo wa ransa cewa ɗan akwatin da ke bayan na'urar shi ma salula ne ba.

Ya fita tsakar buro inda rezo ke da ƙarfi, ya tura wa na'urar saƙon gwaji, ya dawo ya tsaya. Minti ɗaya, minti uku, babu abin da ya shigo. Aikin karɓar saƙo yana tafiya kuwa, yana zaune yana sauraro, abin da zai saurara ne ba ya iso masa. Shirin Alkasum bai taɓa tambayar ko wani abu ya shigo ba. Tambayarsa ɗaya ce, kana nan? Kuma gaskiya aka riƙa faɗa masa, duk minti biyar, har kwana goma sha biyu.

Takardar ta fito da ɗumi a hannunsa. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, wannan ne ya fi ba shi tsoro. Zai iya miƙa ta, a rubuta wa Tawa wasiƙa a kan Suwaiba, a ba ta mota don a rufe magana, shi kuma da la'asar ya mayar da akwatin arewa ba wanda ya sani. Ya yi wannan tunani sosai, bai kamata a ce bai yi ba. Ya tsaya yana kallon takardar har ya ji Mahamudu na kiran sunansa daga ofis.

Ya naɗe ta ya sa a aljihu. Ya zare akwatin, ya nemo doguwar waya, ya jawo shi ta baranda har tagar ofishin Mahamudu da ke kallon arewa, ya ɗora a bakin taga. Su biyun suna kallonsa.

"Shef, ba laihinta ba ne," ya ce. "Ni na kai mashin ɗakin kudu. Tun ran nan ba ta jin kowa."

Mahamudu ya buɗe baki zai yi magana, sai kwamfutar teburinsa ta yi ƙara. Saƙon gwajin Alkasum ne. Sai wani ya biyo, sai wani. Kamfanin salula yana riƙe saƙon da bai sami mai shi ba na 'yan kwanaki kafin ya zubar, saboda haka na kwana uku na ƙarshe ne kawai suka iso, tsofaffin sun tafi ke nan. Cikin goma sha ɗaya na Suwaiba biyu suka shigo. Amma ba ita kaɗai ke aikowa ba. Ƙauyuka huɗu ne suka bayyana a jadawali, kuma wani ma'aikaci mai suna Lurwanu, a can wajen Bazaga, ya turo sau shida a jiya kawai. Lambarsa ta ƙarshe ashirin da uku ce.

Babu wanda ya sake waiwayar Alkasum. Ya yi tsammanin faɗa, ya ma shirya masa, amma Mahamudu ya riga ya ɗauki waya yana neman Tawa, da ɗaya hannun yana kiran Illo direba. Mota ɗaya ce a buron, maganin da ke ajiye kuwa ba zai ishi ƙauyuka huɗu ba sai an kawo ƙari jibi. Mahamudu ya dubi jadawali, ya dubi Suwaiba, ya sunkuyar da kai.

"Malama, ki yi haƙuri. Mota Bazaga za ta."

Da Alkasum ya miƙa takardarsa ya yi shiru, da yanzu tana gaban mota tana nuna wa Illo hanyar ƙauyenta. Ita ma ta gane haka, ya ga ta gane. Ta matso ta karanta lambar Lurwanu da idonta, ta ce daidai ne, ko ita ce haka za ta yi. Aka ware mata ƙaramin kwali na allurai, ta buɗe ta ƙirga a tsaye, ta ɗaure da igiya.

Alkasum ya ce zai kai ta tasha a babur, ta hau. Rana ta take, motar Badagishiri na jiran mutum biyu ta cika. Ya riƙe mata kwalin tana gyara mayafi. Kunya ta cika shi, irin wadda bai taɓa ji ba, kuma yana son ya faɗi wani abu mai amfani, sai bakinsa ya tafi ga lissafi domin shi ya iya.

"Malama, wanga ba ya isa. Na mutum biyat ne, ke kuwa bakwai gare ki."

"Ya isa," ta ce, ta karɓi kwalin. "Bakwai ran Assabar ne. Yanzu biyat suke."

"Biyun sun samu sauƙi?"

Ta dube shi, ba da fushi ba, da gajiya.

"A'a, Malam Alkasum."

Ta shiga mota ta zauna a kujerar baya, ta ɗora kwalin a cinya ta riƙe shi da hannu biyu.