Motar Katako a Sabon Gari

Halilu direba mutum ne mai hankali a kan komai, in ban da abu guda: bakinsa bai iya furta "ba zan iya ba" a gaban jama'a. A ɗaka, daga shi sai matarsa Fanta, yana iya kwana yana nishi. Amma da zarar idanu sun taru a kansa, sai ka ji ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne." Da irin wannan ƙaramin abu ya hau saman lodin gyaɗa a kakar 1954, don ya nuna wa masu lodi yadda ake ɗaure tamfal, ya kuma sauko ba ta hanyar da ya hau ba.

Baturen likita ya tsaga bayansa da ya karye, ya gyara abin da ya gyaru, ya ɗinke. Da zai sallame shi ya ba shi wata ɗamara mai kauri da ƙarafa a ciki, ya haɗa masa da gargaɗi: ban da girgiza, ban da murɗa jiki, ban da tsalle. In ƙashin ya sake gocewa, in ji shi, to Halilu da tsayuwa sai a lahira.

Shi kuwa ba lahirar ce ta dame shi ba, mota ce. Babbar motar Alhaji Abdulgani, attajirin goro da gyaɗa a Fagge, wadda Halilu ya tuƙa tun tana ƙamshin fenti. Da ya samu ya fara takawa, ya dogara sanda ya je gaisuwa. Alhaji ya dubi sandar fiye da yadda ya dubi mai ita, ya ce, "Ka huta tukuna, Halilu. Ranar da na gan ka garau da idona, ma yi magana."

Halilu ya ɗauki maganar nan ya sa a aljihu. A gida kuwa kwanukan jeren Fanta sun fara fita ɗaya bayan ɗaya, suna dawowa a matsayin dawa.

Da bazara wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, ya kafa wasan lilo a wani fili a bakin kasuwar Sabon Gari. Labari ya zo Fagge cewa Alhaji abokin cinikin Kwaran ne, kullum bayan la'asar yakan je a sa masa kujera a rumfa ya sha kallo. Halilu ya ji haka, ya fara shafa gemu, irin shafar da Fanta ta sani.

"Malam, ko me kake saƙawa, ka kwance shi," ta ce.

"Ba komai. Zan je in hau abu ɗaya ne, mai sauƙi, Alhaji ya gan ni."

"Mutumin da sai na ɗaura masa takalmi?"

"Takalmi daban, lilo daban."

Ta san ba ta iya tare shi, don haka ta aika aka kira Ernest, malamin asibiti, Bazazzagi mutumin Wusasa da ke zaune a Sabon Gari. Shi ya yi ta wanke wa Halilu ɗinki yana kwance, har suka saba, da yake tsakanin Bakano da Bazazzagi ba a rasa abin tsokana.

Ernest ya saurari shirin, ya riƙe baki. "Na daɗe ina jin ana cewa Bakano zai sayar da komai. Ban san har ƙashin bayansa ba."

"Kai dai bawana, rakiya aka ce ka yi, ba wa'azi ba."

"Zan raka ka. Amma ni zan zaɓi abin da za ka hau. In ka ƙi, da bakina zan gaya wa Alhaji abin da ke ƙarƙashin rigarka."

Aka ɗaure Halilu tamau a cikin ɗamara, aka rufe ta da babbar riga, aka bar sanda a zaure. Daga Fagge zuwa filin ba wata tafiya ba ce, amma kafin su isa gumi ya jiƙa shi har wando.

Filin ya cika maƙil: Inyamurai, Yarabawa, mutanen kwatas ɗin ma'aikata, 'yan birni da suka saci jiki suka zo, ga masu tsire, ga wani mai kalangu yana neman wanda zai wasa. Can a rumfa ga Alhaji Abdulgani a kujera, kusa da Kwara. Halilu ya miƙe ƙirji, ya gaishe shi daga nesa.

Suka fara zagaye kamar masu sayen rago. Na farko wani lilo ne mai siffar kwale-kwale, yana tashi sama har ka ga tafin ƙafar waɗanda ke ciki.

"Wannan fa?" in ji Halilu, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Wannan in ka hau, a kwando za a kwashe ka."

Na biyu kujeru ne rataye da sarƙa, suna shawagi da mutane kamar an ɗaure fara a zare. Ernest bai ma tsaya ba. Na uku wani ƙaton wili ne, kamar ƙafar keke a tsaye, da akwatunan zama a jikinsa. Tafiyarsa a hankali take, har Halilu ya fara murmushi. Sai suka ga yadda ake tsayar da shi: ana cusa masa gungumen itace ne, kowa da ke kai ya yi gaba ya dawo, ƙau!

"Ka ji wannan ƙarar?" Ernest ya ce. "Bayanka ke nan."

Saura ɗaya. Wani faffaɗan dandamali ne na katako mai juyawa, an jera dawakan katako a kai, ƙarti huɗu suna tura shi da hannu. A tsakanin dawakan akwai wata 'yar motar katako, ja, da benci mai majingina da sitiyari. Wata tsohuwa ce ma a ciki da jikarta a cinya, tana gyangyaɗi. Ernest ya tsaya ya kalli juyi biyu, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi, ya girgiza majinginar da hannu da aka tsaya.

"Wannan. Ba ta tsalle, ba ta faɗuwa, bayanka a jingine. Ka zauna kamar liman, kada ka waiga. Muddin a haka suke tura ta, ko mai naƙuda ta hau."

"Motar tsofaffi," in ji Halilu.

"To kai mene ne?"

Halilu ya so ya ce wa ƙartin nan su bi a hankali. Amma dandamalin yana daf da rumfa, Alhaji ya riga ya juyo yana kallonsa, kuma duk kalmar da ta fita zai ji ta. Don haka ya yi abin da kowane mutumin Fagge mai mutunci yake yi in yana neman alfarma ba tare da ya buɗe baki ba. Ya zaro goro daga aljihu, fari, marsa, irin na kai wa surukai, ya danƙa wa kowannensu ɗaya, ya dubi babbansu ido cikin ido, ya gyaɗa kai. Babban ya dubi goron, ya dubi Halilu, shi ma ya gyaɗa kai. An fahimci juna.

Abin da Halilu bai sani ba, Ernest ma bai sani ba, shi ne tun da aka kafa wasan nan samarin Sabon Gari suka sa masa al'ada. Mai son a bi da shi a hankali ba ya ba da komai. Wanda ya ba masu turi wani abu, gudu yake saye. Guntun sigari ma yana sa su zufa. Goro marsa kuwa, ɗaya-ɗaya, ba a taɓa ba su ba.

Tsohuwa ta sauka da jikarta, Halilu ya shiga motar ya zauna. Babban ya sauke duk yaran da ke kan dawaki. Ya tuɓe riga. Sauran ukun suka tofa yawu a hannu.

Juyin farko lafiya lau. Halilu ya kama sitiyari, ya ɗaga wa Alhaji hannu. A na uku iska ta fara shiga rigarsa. A na biyar hularsa ta tafi, ba a sake ganinta ba. Mai kalangu ya ga abin nema ya samu, ya matso yana kiɗa yana kirari: "Direba! Na Fagge ba ka birki! Mai goro ya ce a tafi!" Jama'a suka bar sauran lilon suka yo nan.

Halilu ya murɗa sitiyari, ashe da ƙusa aka kafe shi. Ƙafarsa ta dama ta shiga neman birki, ta taka katako, ta sake takawa. Kasuwa ta wuce, rumfa ta wuce, mai tsire ya wuce, kasuwa ta sake wucewa, har duk suka narke suka zama abu ɗaya. Gudun ya manna shi da majingina kamar an liƙa shi. Yana jin ƙarafan ɗamara suna cizon haƙarƙarinsa, yana jiran ƙarar da Ernest ya ce. Innalillahi ta zo masa har baki, amma duk sanda ya buɗe bakin sai ga rumfar Alhaji, sai ya mai da shi murmushi. Ya ɗaga hannu don a tsaya. Masu turi suka ga hannu a sama, suka yi kuwwa, suka ƙara.

Ernest yana bin dandamalin da gudu, yana ihu: "Ku tsaya! Ku tsaya, don Allah! Marar lafiya ne! An yi masa aiki a baya!"

Halilu ya ji shi. A cikin wannan hali, ido ya firfito, rai a hannun Allah, ya tattara sauran numfashinsa, ya daidaita rumfa, ya ƙwala: "Ƙarya yake! Bazazzagi ne!"

Fili ya ɗauki shewa.

Ba wanda ya tsayar da abin. Ƙartin ne suka ƙare, ɗaya bayan ɗaya suka saki suka zube, dandamalin ya yi ta juyi shi kaɗai yana rage gudu, har ya tsaya da kansa, a hankali, ba ko girgiza. Kalangu ya yi shiru. Halilu yana zaune, hannu biyu a sitiyari, ido a buɗe, ba ya ko ƙiftawa.

Ernest ya hau, ya durƙusa ya cire masa takalmi. "Malam Halilu. Kana ji na? Motsa yatsun ƙafarka."

Ko ɗaya bai motsa ba.

"Don girman Allah, motsa su."

Babban yatsa ya motsa. Sauran suka bi. Ernest ya zauna daɓas a kan katako, ya rufe fuska da hannu, yana ambaton Yesu.

"Sa mini takalmina," in ji Halilu. "Ana kallo."

Ya miƙe. Shi kansa ya yi mamaki. Ƙasa tana karkata hagu, don haka ya karkata dama, ya taka har rumfa ba sanda, ba mai riƙe shi. Ya so ya durƙusa, ɗamara ta hana, sai ya tsaya ƙiƙam kamar soja.

Alhaji Abdulgani yana riƙe da carbi, baki a sake. "La'ilaha illallahu. Halilu, kai ne kuwa? Ni da nake zaune ma jiri nake ji."

"Ƙaramin abu ne, Alhaji."

"Ƙarami? Wallahi ko ɗan shekara ashirin bai yi wannan ba. Kai, ka warke! Na gani da idona."

Halilu ya gyara tsayuwa. "To, ranka ya daɗe, yaushe zan zo in karɓi makulli?"

"Makullin me?"

"Na mota."

Alhaji ya dubi Kwara, ya dubi carbinsa, ya gyara zaman hula. "Af. Ba a gaya maka ba?"

Motar tana Jos. Alhaji ya sayar da ita tun Halilu yana kwance a asibiti.