Kular Farfesa

Ranar Litinin ɗin da Farfesa ta koma aiki bayan wata huɗu, ta shiga gidan buga takardun da takalmi mai tsini, jaka a kafaɗa, kular abinci a hannun hagu, kai a sama kamar wadda ta dawo daga karɓar lambar yabo. Babu mai cewa daga jinya take. Sunan Farfesa kuwa abokan aiki ne suka laƙaba mata, domin ita kaɗai ce mai digiri a wurin, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta ba.

Ciwon nata ba irin wanda ake nunawa da yatsa ba ne. Tun tana shekarar ƙarshe a jami'a ta fara rage cin abinci, wai don kanta ya fi ɗaukar karatu. Jarrabawa ta wuce, ragewar ba ta wuce ba. Loma ta zame mata abin tsoro. Ta ƙware wajen juya cokali a faranti har a ɗauka ta ci, ta iya cewa "na ci a ofis" a gida, ta ce "na ci a gida" a ofis, ko ƙifta ido ba ta yi. Shekara biyu tana haka, har ranar da ta miƙe daga gaban kwamfutarta jiri ya kwashe ta, ta farka kanta a kan cinyar Anti Gam, mai ɗinkin littattafai, ana yayyafa mata ruwa.

Wata huɗun nan ta yi su tana koyon abin da jariri ke yi ba tare da malami ba. Ta yi kuka a kan rabin burodi. Ta yi rigima da Umma a kan kofin madara. Ta yi kwana uku ba ta yi wa Yayarta magana ba saboda ta ɗauke sikelin banɗaki ta kyautar. Amma duk rigimar da aka yi, takan share hawaye, ta dawo ta zauna, ta ci. Wannan kam ko maƙiyinta ya shaida.

Likitarta, wata gajeriyar mace mai tabarau wadda ba a cin ta da baki, ta yarda ta koma aiki bisa sharaɗi ɗaya.

"Abincin rana, tare da mutane za ki ci. In kika zauna ke kaɗai, muryar nan mai hana ki ci ita ce abokiyar zamanki, kuma ta fi ki iya gardama."

"Likita, babu wanda ya fi ni iya gardama."

"Ai shi ya sa. Muryar taki ce. Ranar Asabar ki zo ki faɗa mini gaskiya. In abin bai yiwu ba, gida za ki koma, wata guda cur."

Gida! Kwanciya a doguwar kujera, labule a sake, Umma na leƙowa duk bayan minti goma tana tambayar ko tana son wani abu. Farfesa ta rantse a ranta ba za ta koma ba.

Kuma sharaɗin bai ba ta tsoro ba, don ta san gidan aikinta. Ƙarfe ɗaya na yi, Baba Tawada zai kashe inji, ya wanke hannayen da ba su taɓa fita ba. Anti Gam za ta shimfiɗa takardun da suka lalace a kan babban teburin yanka. Manaja zai fito daga ofishinsa da kularsa mai hawa uku. A zauna, a buɗe, kowa ya kai cokali kwanon kowa, ana musu ana tauna. Can baya ita ce mai sulalewa da sunan aiki ya yi yawa. Yanzu kujera kawai za ta ja.

An yi mata maraba sosai. Anti Gam ta rungume ta har sai da ta shafa mata gam a mayafi. Ƙarfe ɗaya ya yi, inji ya yi shiru. Farfesa ta ja numfashi, ta ɗauko kula, ta nufi teburi.

"Bari in duba wani abu a baya," in ji Baba Tawada.

"Zare ya ƙare mini," in ji Anti Gam.

Manaja ya fito da waya a kunne, yana "eh, eh, ina ji," ya bi su. Wayar ko ƙara ba ta yi ba.

Kafin ta ajiye kular, wurin ya zama wayam. Ta zauna, ta buɗe: shinkafa da kifi, ayaba ɗaya a gefe. Ta jira minti goma. Muryar ba ta jira ba. *Babu mai gani. Cokali uku ya isa. Dubi man nan.* Ta ci huɗu don ta nuna wa muryar iyakarta, sannan ta rufe.

Talata ma haka. A ranar ta lura da wasu abubuwa. Kalandar bango mai hoton kwandon 'ya'yan itace ta ɓace, sai farin gurbinta. Butar shayi ta ɓace. Ledar gyaɗar da Baba Tawada ke ajiyewa a kan inji tun kafin a ɗauke ta aiki, ita ma babu. Da Baba ya shafa ciki ya ce, "Kai, yau yun..." sai Anti Gam ta taka masa ƙafa, ya ƙarasa da, "...yau injin nan yana gudu."

Farfesa ta haɗe rai. To, ta gane. Sun ji wane irin ciwo ne, sun ɗauke ta mai taɓin hankali, suna ƙyamar zama da ita. Ita kuwa ba a haife ta don ta roƙi mutum ya zauna kusa da ita ba. Su je can, su da cokulansu.

Ranar Laraba da aka tashi, ta tsaya a gaban kwandon shara na bakin titi, kula a buɗe a hannunta. Juyewa ɗaya, Umma ta ga kula wayam ta yi murna, likita ta ji labari mai daɗi. Hannunta ya san aikin, ya yi shi ba adadi. Ta daɗe a tsaye har wani mai babur ya tambaye ta ko tafiya za ta yi. Ta mayar da murfi, ta kai kular gida da nauyinta. Umma ta buɗe, ta duba, ta rufe, ta ajiye. Da ma faɗa ta yi, da ya fi sauƙi.

Alhamis, ƙarfe ɗaya, suka sake watsewa kamar an kaɗa kaji. Wannan karon uzurin ma babu wanda ya ɓata lokaci ya ƙirƙira. Farfesa ta kalli kular, kular ta kalle ta. Sai ta tuna akwai mai littafin da zai zo ƙarfe biyu ya ga samfurin bango, kuma kwalin bangon yana sito. Ta tashi da saurinta, tana murnar samun dalili.

Ta tura ƙofar siton. Duhu. Amma ƙamshin soyayyar albasa ya daki hancinta. Ta laluba ta kunna fitila.

Manaja yana zaune a kan tarin takardu, ya wurga laktayensa bayan kafaɗa, cokali ya tsaya masa a hanya. Anti Gam ta yi wuf ta tura kwanonta ƙarƙashin mayafi, tururi na fita ta wuyanta. Baba Tawada yana tsugune tsakanin kwalaye biyu, kumatu a cike, dafaffen ƙwai sukutum a bakinsa. Ga butar shayi a kan kwali. Ga kalanda an jingine ta, fuskarta na kallon bango kamar mai laifi.



"Takarda muke dubawa," in ji Manaja.

"A duhu, ranka ya daɗe?"

"Takarda ba ta son haske."

Baba Tawada ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya so ya ba da shaida, ƙwai ya hana.

Anti Gam ce ta fara karaya. Ta fito da kwanon tana fifita wuyanta. "Ni dai na gaji, na ƙone. 'Yar nan, Yayarki ce ta zo makon jiya. Ta ce in kin dawo kada a dame ki da zancen abinci, kada a sa miki ido. Iyakar abin da ta ce ke nan. Shi kuwa wannan bawan Allah ya kira taro, ya rubuto dokoki har bakwai."

"Shida," in ji Manaja.

"Ba a ci a gabanki, ba a ambaton abinci, ba hoton abinci. Aikin wani gidan abinci ma da aka kawo, ya ɓoye shi a aljihun tebur, wai kada ki ga hoton kaza ki faɗi."

Baba Tawada ya haɗiye da ƙyar, idanunsa sun yi ja. "Farfesa, kwana huɗu ina cin halalina kamar ɓarawo. Jiya a duhun nan na tsoma burodi a gam ɗin matar nan. Sai da na tauna sau uku kafin na gane."

"Kuma ka haɗiye," in ji Anti Gam.

"To in zubar? Burodin sabo ne!"

Dariya ta ƙwace wa Farfesa. Ta dafa ƙofa tana yi, har ta zauna a kan kwali, hawaye na zuba. Manya uku, da furfurarsu da 'ya'yansu, sun maƙale a bayan kwalaye suna ɓoye abinci suna ƙarya a kansa. Shekara biyu ta yi tana wannan sana'ar ita kaɗai, ga shi ta samu ɗalibai, kuma duk daƙiƙai.

Da dariyar ta lafa, sai ta ga sauran aikin nata ne. Maganar ta fi kowace loma wuyar wucewa. Ta gyara zama, ta ɗaga haɓa, ta kalli bango.

"Ban iya ci ni kaɗai ba tukuna," ta ce. "Likita ta ce in ba tare da mutane nake ci ba, gida zan koma. Kwana uku ina mayar da kulata kamar yadda na zo da ita. Ina so ku zauna da ni."

Anti Gam ta dafe ƙirji. "Innalillahi! To me ya hana ki faɗa, 'yar nan?"

"Ku me ya hana ku tambaya?"

"Doka ta huɗu," in ji Baba Tawada, yana hararar Manaja.

Manaja ya dawo da laktayensa gaba, ya tattara kularsa mai hawa uku, ya miƙe da sauran mutuncinsa. "A koma teburi."

Aka shimfiɗa takardu, aka zauna. Farfesa ta buɗe kula, ta ɗebo shinkafa. Tana ɗagowa ta ga idanu shida sun bi cokalin, bakin Baba har yana buɗewa tare da nata.

Ta ajiye. "To ga nawa dokokin, kuma ba sai an rubuta ba. Ba kallo. Ba 'ƙara kaɗan'. Ba 'sannu da ƙoƙari'. Wanda ya ce na yi ƙiba ko na rame, ni da shi ne. Ku ci abincinku, ku yi surutunku na banza da kuka saba."

"Na banza?" in ji Anti Gam. "Wanda ya dakushe mini wuƙar yanka ya ƙi amsawa, shi ne zancen banza?"

"Wuƙar da ta girmi Manaja?" in ji Baba. "Tsufa ne ya kama ta!"

Shi ke nan, musu ya kankama. Farfesa ta kai cokali na farko, na biyu. Baba Tawada ya zari nama daga kular Manaja ba tare da ya daina magana ba, sannan, bisa sabo, cokalinsa ya miƙo wajen kifinta. Kafin Anti Gam ta kai masa duka, Farfesa ta riga ta janye kular ta kare da hannu.

"A'a, Baba. Wannan nawa ne."

Ita kanta sai da ta yi mamakin jin bakinta.

A tsakiyar kula muryar ta dawo, da ƙarfinta. Shinkafar ta yi wa Farfesa nauyi a baki. Ta ajiye cokali, ta dafa teburi. Babu wanda ya juyo. Anti Gam dai ta ci gaba da zayyano tarihin wuƙa, amma ta rage saurin cinta, tana tsintar abin da ke kwanonta ɗaya-ɗaya, don kada a bar wata ita kaɗai da cokali a hannu. Farfesa ta gani ta gefen ido. Ta sha ruwa, ta sake ɗauka.

Kusan awa guda ta ɗauka. Mai littafi ya zo ƙarfe biyu, Manaja ya ba shi kujera da jarida, ya ce ana taro. Ta cinye shinkafar saura kaɗan, ta cinye kifin, ayabar ta ce sai an jima, kuma da aka jima ta ci.

Ranar Asabar ta zauna gaban likita ta harɗe ƙafa.

"Kwana uku na faɗi, biyu na ci. Ban zubar ba, ban yi ƙarya ba." Ta ba ta labarin sito. Likitar ta cire tabarau tana goge ido.

"To, abincin fa? Ya kika ji shi?"

Farfesa ta sauke ƙafarta. An daɗe ba ta auna abinci da wannan tambayar ba.

"Gishiri ya yi yawa a kifin," ta ce. "Na faɗa wa Umma. Wai sai ta hau murna, har da kiran Yaya a waya."

Likitar ta jawo takarda ta yi rubutu. "Ki koma aiki Litinin. Mako guda na ƙara miki, mu gani."

"Biyu."

"Guda."

"Likita, kin dai san zan dawo da biyar cikin biyar."

"Ki dawo da gaskiya, ko nawa ne. Tashi ki ba ni wuri, akwai mutane a layi."