Fili a Bayan Tafki

Tun kafin matarsa ta sa ranar zuwa, Ɗan-gari ya kai motarsa aka wanke, ya sayi kofi na biyu da faranti na biyu. A ofishin tsara birni aka laƙaba masa sunan nan, don ya riga kwalta zuwa. Lokacin da gwamnati ta gaji da cunkoson tsohon babban birni ta yanke shawarar gina sabo a tsakiyar ƙasa, yana cikin samarin da aka turo da tanti da kayan awo, suna kafa turaku cikin ciyawar da ta fi su tsawo. Yanzu furfura ta cinye kansa, ritaya kuma ta ƙarato.

Matarsa ungozoma ce a tsohon gari. Sau ɗaya ta taɓa zuwa, tana goyon 'yarsu ta fari, damina ta rutsa da ita cikin laka da ƙarar katafila. Ta ce ita da wurin nan sai dai a labari. Tun daga nan shi ne mai zirga-zirga, ƙarshen wata ko lokacin hutu, yara kuwa suka girma a hannunta.

Ranar Asabar da safe ya tarye ta a tashar jirgin ƙasa.

"Sannu da hanya, Ungozoma."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Baban yara, ka rame."

"Tsufa ne."

"Tsufa ko tuzuranci?"

Ya yi dariya, ya karɓi jakarta. Ko masauki bai bari sun fara zuwa ba. Ya hau da ita babban titi mai faɗi kamar filin jirgi, itatuwa jere dama da hagu. Ya nuna mata ginin majalisa, da ma'aikatu masu kama ɗaya kamar 'yan gida ɗaya, sannan suka shiga gidan tarihi, inda aka ajiye samfurin birnin cikin gilashi. Baƙi sun kewaye shi suna ɗaukar hoto. Ɗan-gari ya kutsa da ita gaba yana nuni da yatsa: nan ofisoshi, can gidaje, nan kuma rafin da aka datse ya zama tafki.

"Kin ga, an zaɓi wurin nan ne don ba na kowa ba ne. Kada wani ɓangare ya ce nasa ne."

"Gari ba na kowa ba? Ai na ga alama. Tun da muka fito ban ga wanda ya yi wa wani sannu ba."

"Yau Asabar. Kowa ya tafi gida."

"To ka ji. Su ma sun san inda gida yake."

Ya ja ta suka fito. A bakin tafki dai ta sake. Ta cire takalmi, ta ce iskar nan kam ba ta da laifi. Wasu miji da mata suka roƙe shi ya ɗauke su hoto, da ya gama matar ta ce su ma su tsaya ta ɗauke su. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa ya rasa inda zai sa hannunsa.

Daga nan ya zagaya da ita bayan tafkin, har kwalta ta ƙare suka hau jar ƙasa. Ya tsayar da mota a wani fili da babu komai sai ciyawa da sandunan lantarki da ba a ja musu waya ba.

"Sauko ki gani. Nan unguwa ce, tana cikin tsari. Makaranta za ta zo can, asibiti kuma bayan wancan tudun. Wannan kuwa namu ne. An ba ni."

Ta fashe da dariya. "Namu da wa? Mu da fara?"

Sai ta ga fuskarsa, ta haɗiye dariyar.

"Ɗaki biyu da falo sun ishe mu," in ji shi. "Yara duk sun kama gabansu. Idan na ajiye aiki, ki dawo nan mu zauna."

"Baban yara, ni fa na ɗauka kiran nan da ka yi mini, in zo in taya ka haɗa kaya ne. Har ɗakinka na sa an yi wa fenti."

"Wane ɗaki? Wanda keken ɗinkin autarki yake ciki?"

"An fitar da shi."

Ya jingina da mota yana kallon ciyawa. Ya ce, "Ungozoma, in na je can baƙo nake. Ina shiga falo hira ta mutu. Jikana har ɓuya yake yi a bayanki. Kwana biyu sai a fara tambayata yaushe zan koma. Nan kuwa ko an rufe mini ido na san abin da ke ƙarƙashin kowane titi."

"Titi ba ya gai da mutum." Ta gyara mayafinta. "Ni rabin unguwarmu a hannuna suka faɗo duniya. In na yi tari, kafin in rufe baki an turo tambaya. Kana so in bar wannan in zo in zauna ina jiran a ja waya?"

Suka koma mota.

Masaukinsa a hawa na uku yake, cikin rukunin gidajen ma'aikata. Ɗaki da falo, kujera ɗaya, rediyo, taswirar birnin manne a bango. Ta buɗe tagogi, ta share, ta zubar da abin da ya lalace a firji. Ta ga sabon kofin da takardar shago ba ta ko fita daga gindinsa ba, ta ɗauraye shi ta ajiye.

"Waye maƙwabcinka?"

"Wani ne daga ma'aikatar lafiya. Ko an canza shi ma, ban sani ba."

"In ka kwanta ciwo fa?"

"Na taɓa kwantawa, bara. Na tashi."

"Ba ka faɗa mini ba."

"Kina da masu haihuwa."

Ta zauna a kan kujerar, shi kuma ya zauna a bakin tabarma, suka sha shayi. Ta ba shi labarin mutanen unguwa, waɗanda rabinsu bai san su ba, yana gyaɗa kai.

Washegari ya mai da ita tasha. Da za ta hau ta ce, "Ɗakin dai yana nan."

"Filin ma yana nan."

"Kai dai da taurin kai."

"A wajenki na koya."

Ta yi murmushi, amma idonta ya kawo ruwa, ta yi saurin shigewa.

Bayan ya ajiye aiki aka karɓe masaukin. Ya je tsohon gari ya yi 'yan makonni, ya kwana a ɗakin mai sabon fenti, sannan ya ce zai je ya duba masu gini. Ɗaki ɗaya ya samu ya rufa, ya tare a ciki. Har yanzu gida uku ne kacal a layin. Kullum da safe takan kira shi a waya ta tambaya ko ya karya, shi kuma ya gaya mata inda aikin kwalta ya tsaya. Wani lokaci kafin ya gama bayani sai ya ji ana sallama a gidanta, ta ce masa tana zuwa, ta kashe.