Yayar Inna

'Ya'yan Inna maza biyar ne. Huɗun farko kowa ya haifi mace, kowa kuma ya sa mata sunan Inna. Da yake ba mai iya kama sunan uwarsa, sai gida ya cika da Ummi, Mami, Umma Ƙarama da Iyami. In maƙwabciya ta ƙwala wa Inna kira da sunanta na yanka, mutum biyar ke amsawa.

Da matar Auta ta sauka, ita ma mace, kowa ya ɗauka an riga an san sunan.

Washegari Auta yana shagonsa na aski, ya kai rabin kan wani dattijo, sai ya hango Inna ta madubi tana shigowa da sandarta. Ba ta taɓa taka shagon ba.

"Inna, lafiya? Ai da kin aiko na zo."

Ta ture tawul ɗin da ke kan benci ta zauna. "Kada ka sa wa yarinyar nan sunana. Takwara huɗu sun ishe ni. Ko magani likita ya rubuta, sai na tambaya na wace ce a cikinmu."

Auta ya kashe inji. "Haba Inna, yayyena duk sun yi, ni kaɗai zan zama bare?"

Ta murza kan sandar. Can ta ce tana da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ke mata kitso, ita ke shan duka a madadinta. Ta rasu tana shekara goma sha tara, ba ta bar ɗa ba.

"Shekara sittin ban ji an kira sunanta a cikin gida ba," in ji Inna. Sai ta faɗi sunan a hankali, ta ce shi take so ya sa wa yarinyar.

Auta bai taɓa jin labarin ba. Ya tsaya sororo da inji a hannu.

Dattijon nan ya juyo da rabin kansa. "Yaro, ka ce to mana, ka zo ka ƙarasa ni!"

Auta ya ce to. Har Inna sai da ta yi dariya.

Ranar suna aka miƙa mata jaririya. Ta buɗe fuskar, ta daɗe tana kallo.

"Sannu da zuwa, Yaya."

Babban ɗanta, direban babbar mota mai furfura a gemu, ya ce, "Ashe yayar uwa muka samu," ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ƙannensa suka bi sahu, matansu na ta shewa.

Jaririya ta yamutsa fuska ta tsala ihu.

"Kun cika mata kunne," Inna ta ce, tana jijjiga ta. "Dama can ba ta son hayaniya. Ku matsa ku ba mu iska, muna da hira."