Minti Goma Sha Biyar na Auta

Sau shida ke nan Kafinta yana shiga fili da gadon ɗaukar masu rauni, kuma cikin waɗanda ya ɗauko babu wanda ya ji ciwon da ya kai cizon sauro. Ƙato zai zube yana birgima yana dukan ƙasa, a ɗora shi a gado, a yi ta nishi da shi har bakin layi. Ana ajiye shi sai ya miƙe, ya kurɓi ruwa, ya ɗaga wa alƙalin wasa hannu yana neman komawa. Ko sannu ba ya ce wa waɗanda suka ɗauko shi.

Ga abokin ɗaukar nasa, Dogo, wanda in ya kama gaba sai gadon ya karkata, nauyin duka ya gangaro kan Kafinta. Shekara tara suna wannan aikin sa kai, shekara tara Kafinta na ce masa ya ɗan rage tsawo, shi kuwa yana cewa ba shi ya yi kansa ba.

Amma yau ciwon baya ba shi ne damuwar Kafinta ba. Autansa na zaune a bencin ’yan gida da riga mai lamba sha tara. Tun farkon kaka Koci ke ja masa rai, sai yau ya yi alƙawarin ba shi minti goma sha biyar na ƙarshe. A layi na uku na rumfar manya kuma akwai wani mai farar hula da ɗan littafi a cinya, mai nemo wa wani babban kulob ’yan wasa. Sati uku Kafinta ya yi yana zarya gidansa, har ƙofar kicin ya gyara masa, kafin mutumin ya yarda zai zo ya ga yaron da idonsa. Ya kuma faɗa masa tun farko cewa sau ɗaya yake zuwa.

Baƙi ne ke gaba da ci ɗaya, shi ya sa ciwo ya kama su gaba ɗayansu. Golansu in zai buga ƙwallo sai ya gyara safa, ya share takalmi a jikin ƙarfen raga, ya canja wa ƙwallon wuri kamar mai neman inda zai dasa barkono.

A minti na saba’in da biyar aka ɗaga lamba sha tara. Auta ya shiga da gudu. Ƙwallo ba ta ma zo kusa da yaron ba, ɗan bayan baƙi ya zauna a ƙasa ya riƙe cinya. Kafinta ya shiga yana zage-zage ƙasa-ƙasa, yana jan Dogo kamar akuyar da ta ƙi tafiya. Da suka ɗauko shi, ɗan wasan har da ce musu su bi a hankali, suna jijjiga shi. Minti uku suka tafi a nan. Aka ci gaba, Auta ya taɓa ƙwallo sau ɗaya, ya ba da ita daidai, sai golan baƙi ya kwanta wai ƙasa ta shiga masa ido. Wasu biyu suka bi bayan ukun. Kafinta ya waiga rumfa, ya ga mai farar hula yana hamma.

Saura minti huɗu ƙwallo ta taɓa hannun wani a da’ira, aka ba ’yan gida fanareti, kyaftin ya buga ta shiga. Fili ya kaure da ihu. Dogo ya rungume Kafinta yana cewa ai kunnen doki ma ya ishe su, sun tsira daga faɗuwa ƙaramin rukuni. Kafinta kuwa lissafi yake yi: huɗu da abin da alƙali zai ƙara, ko bakwai ne sun ishi yaron ya nuna ƙafarsa.

Sai ya ga Koci ya zo bakin layi ya kira Auta, ya raɗa masa magana. Aka take ƙwallo. Wani ya wuce ta gefen Auta, ko rigarsa bai shafa ba, yaron ya zube ya kama idon sawu yana birgima. Alƙali ya yafito masu gado.

Kafinta ya riga Dogo isa, ya durƙusa a kansa.

“Tashi, Auta. Mutumin nan yana kallonka.”

“Baba, Koci ne ya ce.”

“Na ce ka tashi. Ƙafar nan lafiyarta lau, ni na sani kai ma ka sani.”

“In na tashi ba zai ƙara saka ni ba, Baba. Don Allah ku ɗauke ni.”

Alƙali na tsaye a kansu yana nuna agogo. Kafinta ya kama kafaɗun ɗansa, Dogo ya kama ƙafafu, suka ɗora shi. Da ya miƙe da gadon ya dubi rumfa, mai farar hula ya riga ya sa littafinsa a aljihu yana sauka daga matakala, bai ko waiwayo ba.

Kafinta ya ƙara sauri, ko ya ajiye shi a bakin layi yaron ya samu ya koma wasa kafin mutumin ya kai ƙofa. Auta ya ɗan buɗe ido ɗaya.

“Baba, a hankali. Koci ya ce minti biyu.”

Kafinta ya dubi fuskar ɗansa, duk gumi da tsoro. Ya rage tafiya.