Ƙusa Arba'in da Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya tela yana haya a gidan mutumin nan da ake ce wa Mai Doka, ko ƙusa ɗaya bai taɓa bugawa a bango ba. Mai Doka ya hana. Duk ƙarshen wata sai ya zo yana shafa bango da tafin hannu kamar mai taya saniya. Agogon bangon da matar tela ta gada wurin uwarta kuwa yana ƙarƙashin gado, yana gaya wa ɓeraye lokaci.

Da kuɗi suka ɗan taru, matar ta ce, "Maigida, saya mana gida mu koma, ko kamar akurki ne. In rataye agogon Inna kafin ya manta aikinsa."

Tela ya ce to. Sai ƙafa ta kai shi wurin ƙanin matar, dillali, mai bakin da zai sayar wa kifi ruwa.

"Yaya, ka taɓa ganin mai kaji ya kwanta kan ƙwai? Wa ke kwana cikin jarinsa? Akwai gida bayan tasha, da ɗan haya a ciki, saura shekara biyu wa'adinsa. Saya, ka zauna inda kake."

Tela ya saya. Kwana uku matar na ba shi amsa da ƙeya.

Ranar da zai je ganin ɗan hayarsa, ya goge riga, ya gwada tari irin na masu gida sau biyu a hanya, ya ƙwanƙwasa. Wanda ya buɗe, sanye da singileti, buroshi a baki, Mai Doka ne. Ashe shi ma dillalin nan ya ba shi shawara, ya zuba 'yan haya a duk gidajensa har ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa.

Tela ya shiga, ya ga bango. Kalanda, laima, hula, madubi, har da ƙusoshin da ba a rataye musu komai ba. Ya ɗaga tafin hannu ya fara shafawa a hankali. Ƙusa arba'in da ɗaya.

"Ranka ya daɗe... wato, ɗan haya. Ƙyanda bangona ya yi?"

"Haka na same shi."

"Har da hularka?"

A hanyar komawa tela ya sayi ƙusa mai tsawon yatsa. Matar da kanta ta buga, har maƙwabta suka leƙo.

Ƙarshen wata Mai Doka ya zo, hannu a sama, ya yi arba da agogo. Tela bai ɗago daga keken ɗinki ba, filayar cire ƙusa kawai ya ajiye kan tebur.

"Saura mana arba'in," in ji matar daga bayan labule.

Mai Doka ya dubi filaya, ya dubi agogo, ya sauke hannunsa.

"Uwargida, ya ɗan karkace. A tura shi hagu kaɗan."